Naman Basirka da haƙoran roba

Shekarun baya, a tsakar gidana na Sara, an yi wani zama a kaina. Waɗanda ke wurin ranar ba su da yawa. Akwai ƙanena Alhaji, mai haƙorin Makka, wanda ba ya dariya sai ya karkata baki don a ga zinariyar. Akwai ’yata da ke aure a Unguwar Ya, ita ce ma ke rubuta muku wannan ina faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai ɗana na fari, yana tsaye a bakin zaure ya ba mu gefe. Akwai matarsa, amaryar da ba ta cika shekara ba, tana bayan labule. Sai goggonta, wadda ta hau babur tun daga Basirka ta zo ta tafi da ’yarsu.

Ga mafarin abin. Turamen bakina sun daɗe da ƙarewa, ɗaya bayan ɗaya, wasu wanzami ya cire, wasu suka fita da kansu. Na gaba ne suka rage, don haka in ina faɗa ba wanda zai ce akwai abin da ya ɓata. ’Yata kaɗai ta sani. Ita ke dafa mini abu mai laushi, in ci a ɗakina na saki labule. Da aka kai ta ɗakin miji, girki ya koma hannun amarya.

Yarinyar nan kuwa ta dage sai ta burge ni. Yau dambu, gobe shinkafa wara-wara, kullum da soyayyen nama an jera mini a kai. In buɗe kwano in kalla, yawuna ya tsinke, in rufe. In dama kununa a ɗaki in sha. Wa zan gaya wa? Ɗan fari ko sunansa ba na faɗi, balle in buɗe masa baki in ce leƙa. Suruka kuwa, in ta san kin kasa tauna, me kuma za ta ji tsoro a wurinki? Haka na lissafa.

Sai mahaifin amarya ya yanka sa, ya aiko mini da tsoka ta musamman. Ta soya, ta kawo da hannu biyu. Na mayar da kwanon yadda ya zo. Ni da nake sanin kazar wa ta shiga gidan wa a unguwar nan, ban san maganar da ake yi a kaina ba: wai ba na cin abincin surukata ne don ina tsoron barbaɗe. Maganar ta bi ’yan tallan nono har Basirka.

Goggon ba ta yi kwana-kwana ba. Bayan gaisuwa ta ce, “Inna, mu ba mu da komai sai shanu da mutunci. In kina zargin ’yarmu da sa miki wani abu a abinci, ki faɗa a gaban ƙanenki, in ɗauke ta yanzu.”

Na ji shesshekar kuka a bayan labule. ’Yata ta dube ni, na harare ta, ta sunkuyar da kai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce wa Alhaji ya gaya wa na bakin zaure ya juya baya sosai. Na matsa kusa da goggon, na sa yatsa na ja kumatuna.

Ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa kamar mai duba bakin saniya a kasuwa. Ta ce, “Ikon Allah. Fili fetal.”

Na ce, “To kin gani.”

Ta ce, “Ni na gani. Amma ba zan ɗauki bakinki in zaga da shi gida-gida a Basirka ba. Can abin da suka sani shi ne an mayar da nama.”

Nan ’yata ta ce a asibitin Birnin Kudu ana yi wa mutane haƙoran roba, maƙwabciyarta ta sa, har gyaɗa take ci. Alhaji ya gyara zama ya ce, “Yaya, da girmanki? Abin da Allah ya karɓa ya karɓa. Wannan sauya halitta ne.”

Na ce, “Wanda ke bakinka da shi Innarmu ta haife ka?”

Ya rufe baki, abin da ban taɓa ganin ya yi da sauri haka ba. Can ya ce, “To ranar da ta Allah ta kasance fa? A sa ki a ƙasa da roba a baki?”

Na ce, “Ni nake wanke matan unguwar nan in sun rasu. Na cire awarwaro, na cire ’yan kunne. Wadda za ta wanke ni ta cire haƙora, ba aiki ba ne.”

Goggon ta ce ita dai ta ji ana cewa haƙoran matattu ne ake gyarawa. Wannan kam ya tsaya mini a rai, ban nuna ba. Na ce ta bar mini yarinyar, zan je in gani da idona. In na mutane ne, in sha kunu har in mutu. In roba ce, zan zo Basirka da ƙafata in ci naman a gabansu.

Na aika aka tambayi malamin unguwa, ya ce magani ne kamar tabarau. Na je Birnin Kudu na tsare likitan da tambaya sai da ya ɗauko wasu ya miƙo mini. Na juya, na ƙwanƙwasa, na shinshina. Roba ce. Bai ruɗe ni ba kuwa. Ya ce ba za su zama kamar na Allah ba, za su dame ni da farko, dole in cire in zan kwanta in sa a ruwa, kuma in manta da fasa ƙashi. Na ji daɗin mutumin, don ba na yarda da mai kayan da ba ya faɗin aibinsu. Ya cusa mini wani abu kamar ƙullu ya ɗauki awon dasashina.

Da aka sa su, sai na ji kamar na ɗauki murfin kwano a baki. Yawu ya yi ta zuba, dasashi ya yi ciwo, in na yi wa yara tsawa sai in ji abu yana motsi. Akwai ranar da na tsaya da su a bakin masai ina shawara. Sai na hango surukata tana tankaɗe, ta rame. Na mayar da su. Na koma wurin likita ya goge inda ke ci na. Na fara da kabewa, na koma wake, na zo kan nama ƙanana-ƙanana, ina tauna ta ɓangare biyu kamar yadda ya ce.

Ana nan aka yi wa yayan surukata haihuwa. Ranar suna na shiga mota da ita muka tafi Basirka. Kowa ya san ba a cin abinci a gaban surukai, ni kuwa na zauna a tsakiyar mata na ce a ba ’yarsu naman ta soya da hannunta. Ta kawo. Na yi bisimilla, na ɗauki tsoka, na tauna a hankali, na haɗiye. Na ɗauki ta biyu. Goggon ta ce, “Ku ƙara mata, bashi take ramawa.” Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sai ga ta ta matso tana tambayata a kunne ko ana yi wa wanda ba shi da ko ɗaya.

In kun tambaye ni ko haƙoran roba abin yi ne, zan ce ba na Allah ba ne. Goro sai na yanka shi siriri, rake kuwa mun yi sallama. Amma na ci naman layya duk shekarun nan, kuma surukata tana ɗakinta da ’ya’yanta. Na gane cewa in babba ya ɓoye ciwonsa, ƙaramin da ke kusa da shi ake ɗora wa laifin.

Washegarin sunan, da muka dawo Sara, na wanke haƙorana na sa, na kira surukata. Ta durƙusa. Na ce, “Naman jiya gishiri ya yi yawa.”

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce, “To Inna, za a rage.”