Ɗanjummai Mai Hoto a Cikin Rumbun Marka

Ranar da jinkar rumbun tsohuwa Marka ta rufta da Ɗanjummai mai hoto, ƙafafunsa kawai aka hango a sama suna wutsil-wutsil. Aka jawo shi, wando ya yage har gwiwa, shi kuwa kyamararsa yake hurawa.

Maƙwabcin nan namu tun yana yaro hoto ya shiga kansa. A kasuwar Batsari ya koya, wajen wani dattijo da ya sa shi riƙe labulen bango shekara da shekaru kafin ya bar shi ya leƙa gilashi. Akuyar gadonsa ya sayar ya sayi kyamara. Da waya ta cika gari aka daina kiransa biki, shi dai bai daina yawo da abarsa a wuya ba.

To, amma yanzu a garinmu Runka ko kallon garken mutum ka cika yi, sai a ce ɓarayin daji ne suka aiko ka. Ga shi bayan rumbun nan turken shanun Jinjiri ne, shugaban 'yan sintiri. Wanda aka laƙa wa sunan infoma kuwa, ba ya sake kwana a gari.

Jinjiri ya fizge kyamarar. "Wa ya aiko ka ƙirga mini shanu?"

"Rebecca ce ta aiko ni, yallaɓai."

"Wace Rebecca?"

"'Yar Inna Marka da ta gudu Katsina. Fuskar uwarta take so. Ita kuwa Inna ta rantse ba mai ɗauke mata kurwa da hoto, shi ya sa na bi ta sama."

Babu wanda ya yi dariya. Jinjiri ya shiga latsawa, mutane na leƙe ta kafaɗarsa. Ga ƙeyar Marka. Ga Marka ta rufe fuska da faifai. Ga Marka ta ɗago taɓarya.

"Ɗan banza, ashe kai ne!" in ji tsohuwa.

Jinjiri ya miƙa masa kyamarar, amma bai saki igiyar ba. Ya dangwala yatsa a gefen hoto. "Wannan fa? Ba saniyata ba ce?"

Ɗanjummai ya ƙanƙance ido, ya duba. "Au, saniya ce? Wallahi na ɗauka shanyar Inna ce a kan danga. Yallaɓai, in na kai wa ɓarayi hoton nan, suka ga ramarta, dusa za su aiko maka da ita."