Kunnawa da Kashewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isuhu, kuma har yau mahaifiyarmu ba ta gama jin labarin ba.

Isuhu ya yi aiki a wata santiral ta kuran, wato tashar wutar lantarki, can kudancin Najeriya, inda iskar gas mai zafi ke juya manyan injuna. Aikinsa duba fukafukan ƙarfen da ke cikinsu. Ni karatuna bai wuce ƙaramar lakol ta Bande ba, shi ya sa ya kan yi mini bayani da tukunya. Ya ce ƙarfen nan an haɗa shi musamman don ya jure wutar da za ta narkar da garma, amma duk da haka yana tsagewa. Tsagar kan fara kamar silin gashi. Zafi na cin ƙarfen, amma abin da Isuhu ya fi tsoro shi ne kunnawa da kashewa: ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, kowane karo tsagar ta ƙara tafiya kaɗan. Na ce to ashe ba abin da ke da tabbas. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai Habu, ko tuwo aka ba ka sai ka nemi tsaga."

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a can, can aka binne shi. Ban yi kuka ba. Har yanzu ina jira.

Bayan wasu damuna, mantuwa ta kama Inna. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, sai ta ɗago kai ta ce, "Habu, yaushe yayanka zai zo?" Ni mutum ne mai tsoron ƙarya, ko a cinikin wake ba na iya ta. Sai in durƙusa in ce, "Inna, Allah ya yi masa rasuwa." Ta yi salati, ta yi kuka kamar yanzu aka aiko, ta ƙi cin abinci. Washegari ta manta. Jibi ta sake tambaya, in sake faɗa. An ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ba a ce a riƙa ɗura wa tsohuwa ita kullum ba. Na tambayi malamai biyu, na dawo da amsa biyu.

Na kan ce, da Isuhu zai ga Inna yau, me zai ce? Duk bayan kuka tana daɗewa ba ta dawo daidai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina jin ba zai yi mini faɗa ba. Zai dube ta yadda yake duban ƙarfensa, ya tambaye ni wa ke kunnawa, wa ke kashewa.

Bai rasu ya bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya rage nasa a hannuna wannan maganar ce, da na ɗauka ta injin ce kawai.

Jiya da hantsi ta sake tambaya. Na daɗe ina juya amsar, ina neman inda ƙarya za ta shiga. Sannan na ce, "Inna, ba bana ba."

Ta ce, "Aiki ke nan. Allah ya tsare shi inda yake."

Na ce amin. Ta miƙo mini gyaɗa, na karɓa na ci.