Yaya Husaina da Littattafan da Ta Ɓare wa Bango

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 13 ga Maris 2019, wadda ta yi daidai da 6 ga Rajab 1440, ina zaune a ƙofar ofishinmu na aikin gona a Gummi bayan sallar azahar, sai Safiya ta kira ni daga Anka. Kuka ya hana ta haɗa magana, amma na gane. Mahaifiyarta, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, Malama Husaina Musa, ta rasu bayan gajeriyar jinya. Na hau babur na kama hanya, na kuma samu an yi mata sutura ana jirana, muka kai ta makwancinta kafin magariba.

Yaya, ke kika goya ni, ke kika fara kama mini hannu a kan allo, ke kuma kika fi kowa dukana da mafici. Duk Anka Inna ake ce miki, ni kaɗai na rage mai ce miki Yaya, yanzu ga shi babu wadda zan kira da sunan. Waɗanda suka zo gaisuwa sun faɗi alheranki da yawa. Wasu sun tuna shekarun da kika yi kina koyar da Larabci a firamare, wasu sun tuna randar da kike ajiyewa a ƙofar gida ranar kasuwa domin Fulani masu tallar nono. Wata tsohuwa daga Gwashi ta ce ke kika zauna da ita a asibiti alhali ba ki san ko sunanta ba. Duk gaskiya suka faɗa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne littattafaina guda huɗu da kika sa wa reza, domin a kansu na san wace ce ke.

Wanda bai san gidanmu ba zai so a fara masa daga Tungar Guru. Can Safiya take aure, gidan Namadi, lokacin da ciwon dalma ya shiga ƙauyen a 2010, daga duwatsun zinarin da ake daka a cikin gidaje. Yara da yawa sun tafi. 'Yarsu Zinatu tana da shekara biyar, ta yi ta suma tana farfaɗowa, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya bar mana ita. Sai dai ta tashi ba kamar yadda ta kwanta ba. Hannunta yana rawa in ta kama alƙalami, abin da aka koya mata da safe kuma kafin la'asar ya zube. Kika ɗauko ta ita da ƙaninta Lirwanu kika riƙe su a Anka.

An sa ta makaranta kamar kowa. Shekara ta juyo tana aji ɗaya, wata ta sake juyowa tana nan, har yara suka laƙaba mata suna uwar aji. Ranar da ta ji sunan a bakin ɗan maƙwabta ta daina zuwa, ta kusa daina magana ma. Ni da nake kakanta na wasa, mai kiranta amaryata tana ce mini ba ta son tsoho, sai na zo gidan ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. A nan kika ce ba za ki sake tura ta inda za a yi mata dariya ba, kuma ba za ki bar ta ta tashi ba karatu ba. A gida za ki koyar da ita, kuma Larabci za ki koya mata, harshen kansa, domin ta san abin da take faɗa wa Ubangijinta in ta tsaya salla. Don kada ta zauna ita kaɗai a gabanki kamar wadda ake yi wa horo, kika haɗa da Lirwanu mai shekara biyar, kika kuma aiko mini in ba ki ɗana Mas'ud, wanda ya gama firamare yana da sha uku. Hakan ya faru a damanar 2015, Zinatu tana da goma.

Daga nan gardama ta tashi a kan da me za a karantar da su, kowa a cikinmu ya zama malami. Namadi ya zo takanas daga ƙauye, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda suruki yake yi, ya ce:

"Inna, a ɗora su bisa baitocin nahawu. Da su munka tashi, da su iyayenmu sunka tashi."

Kin gwada hanyarsa don kada ya ce an raina shi. Mas'ud ya haddace baitocin kamar yana shan ruwa, Lirwanu ya mayar da su waƙar wasa, Zinatu kuwa ta yi mako a kan baiti guda tana kuka. Mas'ud kuma ya kawo tasa shawara, wai a saya masa waya mai karatun wani malami a ciki. Kika ce masa wayar ba ta ganin fuskar yaro balle ta san ya gane ko bai gane ba, maganar ta mutu a nan.

Ni ne na zo da abin da na ɗauka ya raba gardama. Na je wani taro Sakkwato, na shiga shagon littattafai, na ga wani jeri na koyon Larabci guda huɗu, masu hotuna masu launi, takarda mai santsi, kowanne da babbar lamba a bangonsa daga ɗaya zuwa huɗu. Mai shagon ya ce an tsara su daidai da shekarun yaro. Na ɗauro su a bayan babur cikin leda biyu saboda ruwa, ina tafe ina jin kaina. Kika duba su shafi shafi da tabaronki mai ɗaure da zare, kika ce aikin mai hankali ne. Ban taɓa jin kin yaba wani abu nawa da sauri haka ba.

Washegari da hantsi ina nan aka raba. Mas'ud ya samu na uku. Lirwanu ya samu na ɗaya. Zinatu, bayan kin gwada ta a hankali, ita ma na ɗayan ne ya dace da ita, sai aka ce su zauna su duba tare. Lirwanu yaro ne, ba da mugunta ba, murna ce ta kama shi, ya ɗaga littafin sama yana cewa:

"Inna, ni da Yaya Zinatu littahinmu guda na!"

Zinatu ta dubi lambar, ta dubi wadda ke hannun Mas'ud, ta miƙe ta tafi bayan rumbu ta zauna. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi tayar mini da hankali. Ranar ba ta ci abincin rana ba. Na ga fuskarki a lokacin, Yaya, na san kina ganin in yarinyar nan ta juya wa karatu baya a karo na biyu, ba mai sake dawo da ita.

Na koma Gummi. Da na dawo bayan mako biyu na tarar da bangon littattafaina an tokare ƙafar gado da biyu, ɗaya kuma ana fifita wuta da shi. Na ce me zan gani haka? Kika ce, ko kallona ba ki yi ba:

"Hayatu, littahin ga mai kyau na. Lambag ga da anka buga mai ga goshi ita ta ban so."

Ashe reza kika ɗauka kika yanke ɗinkin duka huɗun, kika raba su falle falle, kika bi gindin kowane falle kika datse lambar shafi. Sannan kika aika wa baduku ya ɗinka gafaka uku, irin jakar fatar da mahaifinmu Malam Musa yake ajiye littattafansa na hannu a ciki, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Kowane yaro da tasa. Sauran fallayen suna cikin adakarki, ke kaɗai kika san wanne ya fito daga ina. In yaro ya gama na hannunsa ki karɓa ki ba shi wani. Ni kuwa na yi ta ƙorafi har na gaji, kuma ko yau in na tuna santsin takardar nan sai na ji wani abu.

Ba gafakar kaɗai kika ɗauko daga zauren Baba ba, har da dokarsa. A zaurensa ba a tara ɗalibai a karanta musu abu guda. Kowa yakan matso gaban malam da nasa, ya karanta a hankali, a fassara masa, ya ja da baya wani ya matso, kuma abin kunya ne ka tambayi ɗan'uwanka ina ya kai. Haka kika shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar gidanki. Na zauna na kalle ku sau da yawa, har nakan ji kamar in na waiwaya zan ga Baba a kan buzunsa yana gyangyaɗi da tasbaha a hannu.

Da fallayen suka rabu da lambobinsu, sai kika samu damar yin abin da mai littafin bai yi tunani ba. Kin san Zinatu ba ta riƙe abin da aka faɗa mata, amma tana riƙe abin da hannunta ya taɓa. Sai kika tsinto mata daga na uku da na huɗu duk fallen da ke maganar rijiya da tukunya da akuya da tsintsiya, kika riƙa yin darasin a inda abin yake. Tana jan guga kina faɗa mata sunansa, tana wanke tukunya tana maimaitawa. Wata rana a gabana Mas'ud ya rasa sunan murhu da Larabci, Zinatu ta faɗa masa daga bakin madafa ba tare da ta ɗago kai ba. Ranar ce ta sake ce mini ba ta son tsoho, ni kuma ban taɓa jin daɗin a ƙi ni kamar ranar ba.

Dabararki ta ƙarshe ita ce ta biyawa. A al'ada babba ne ke biya wa ƙarami karatu, wato ya zaunar da shi ya maimaita masa abin da malam ya ba shi. Kika ɗora wa Zinatu biya wa Lirwanu kullum bayan la'asar. Ta haka ta bi ta kan darussan farko sau ba adadi, ba a matsayin wadda ta kasa ba, a matsayin yaya mai koya wa ƙaninta. Mas'ud ya yi shekararsa ya tafi sakandare da Larabcin da har yau yake taƙama da shi. Su biyun suka ci gaba. Lirwanu kuwa kansa yana ja, a kwana a tashi ya wuce ta nesa, amma kika ja shi gefe kika gargaɗe shi, shi kuma ya riƙe. Yakan zauna a gabanta tana biya masa abin da ya daɗe da sani, wani lokaci har ya yi kuskure da gangan don ta gyara masa.

Na taɓa tambayarki har yaushe za a yi haka. Kika ce har ranar da ta ji daɗin karatun fiye da yadda take jin kunyarsa, kuma ba ke ke da ranar ba. Kin tafi ba ki gaya mana ko ranar ta zo ba, shi ya sa duk zaman makokin nan zuciyata tana kan yarinyar. Namadi ya ce zai koma da 'ya'yansa Tungar Guru, kuma hakkinsa ne. Can babu ke, babu mai zaɓa mata falle, babu mai rufa mata asiri. Muka yi ta shawara da Safiya a kan yadda za a gaya wa Zinatu gaskiyar cewa ƙaninta ya wuce ta ba tare da ta sake komawa bayan rumbu ba, muka rasa wanda zai iya.

Kashegarin sadakar uku, da hantsi, mata suna ta haɗa kwanonin da aka aro, sai na ga Zinatu ta fito da tabarma ta shimfiɗa a gindin tsamiya. Yanzu shekararta sha huɗu, ta yi tsawo irin naki. Ta ajiye gafakarta, ta kira ƙaninta da murya a sake, duk tsakar gida ana ji:

"Lirwanu, taho ka biya min. Ka hi ni tun bara, na sani. Inna ma ta san na sani."

Yaron ya tsaya yana dubana kamar wanda aka kama da laifi. Na ce masa ya je. Ya zauna a inda kike zama, ita ta durƙusa a gabansa ta buɗe fallenta, ta fara karantawa tana tuntuɓe yana ɗaga ta. Namadi yana bakin ƙofa, ya juya fuskarsa ga bango. Ni ban iya juyawa ba, a gaban mata da yara na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yaya, na yi kewarki, kuma zan daɗe ina yi. Allah Ya jiƙan ki da rahamarSa, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba da Innarmu a gidan Aljanna. Yadda kika rufa wa yarinyar nan asiri a gaban 'yan'uwanta, Allah Ya rufa miki naki ranar da babu mai rufawa sai Shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Safiya da mijinta Namadi, da Mas'ud da Lirwanu, da dangi na Anka da Gummi da Bukkuyum, da duk wanda ya taɓa zama a gabanki da allo ko takarda. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma Zinatu, Allah Ya buɗa miki abin da ya rage, Ya sa kowane harafi da kika karanta ya isa ga Inna a inda take kwance. Amin.

Ƙaninki,
Hayatu Musa, Gummi