Ranar da Teku Ta Dawo

Duk unguwar Manfuha da ke Riyad an san Arzika direban tankar ruwa, mutumin Argungu da ba ya zuwa gida. Shekara huɗu ke nan yana kai ruwa wuraren gine-ginen Riyad, ko wasiƙa bai aika ba. Masu cewa rowa ce ba su san komai ba.

A hutun Babbar Sallar 1974 kamfaninsu ya kwashi ma'aikata yawon buɗe ido zuwa wani tsibiri can arewa, wajen iyakar Kuwait. Arzika ya tafi da ƙaninsa Bashari, wanda shi ma yake aiki a Riyad. Da hantsi suka tarar teku ta janye, ta bar fili fetal, kifaye na ta mutsu-mutsu a kududdufai. Bashari ya naɗe wando yana dariya.

Wani tsohon Balarabe mai gyaran raga ya yi ta ɗaga hannu yana cewa ruwa zai dawo. Arzika ya dubi sama, ko gajimare babu. Su 'ya'yan masunta ne, kuma a garinsu gulbi ba ya cika sai da damina.

"Rabu da tsohon nan," in ji Arzika. "Je ka kamo mana na rana."

Bashari ya yi nisa har ya zama ɗigo. Kafin azahar ruwan ya zagayo ta bayansa, ba hadari ba iska.

Ba a ga gawar ba. Har yanzu duk shekara uwarsu tana aiko da yaji ƙulli biyu ta hannun alhazai, Arzika kuma yana karɓe duka biyun.