Barau da Ƙanƙara Mai Ci da Wuta

Barau mutumin Faru ne, kuma tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai saran itace. Da jaki ɗaya da gatari ya ciyar da gidansa. Bai yi boko ba, noman ma bai dame shi ba, amma mata masu turara shinkafa daga Maradun har Bakura sun san itacensa busasshe ne, ba ya hayaƙi.

Da daji ya lalace, 'yan bindiga suka harbe abokan saransa biyu a hanyar Gidan Goga, sai ya kwashi iyali ya koma Talata Mafara. Gatarin dai bai ajiye ba. Duk sanda hatsi ya ja baya sai ya saci jiki ya shiga daji, matarsa Taibatu ta wuni a bakin ƙofa tana jiran dawowarsa.

Autarsu Nusaiba ce ta yi karatu mai zurfi, har ta samu tallafi ta tafi wata jami'a a Japan. Wata rana ta turo bidiyo a wayar yayanta: wani farin dunƙule kamar ƙanƙara, an ƙyasta masa ashana ya kama ci bal-bal. Ta ce iskar gas ce da ta daskare cikin ruwa a ƙarƙashin teku, kuma suna bincike ne ko za ta zama makamashi.

Barau ya kalla, ya sa aka maimaita masa.

"To, itace ya mutu," in ji shi. "Mi za ni nema daji, ɗiyata na da wuta cikin ƙanƙara?"

A wurinsa zancen a fili yake. Wanda ya je Makka da zamzam yake dawowa, kowane matafiyi tsarabar abin da ke garin da ya je yake kawowa. Sai ya ba da jakinsa, aka ba shi ƙatuwar kula irin ta masu sayar da ruwan sanyi, don ya zuba ƙanƙarar ya riƙa sayarwa in Nusaiba ta kawo. Ya wanke ta, ya lulluɓe da buhu, ya hana jikoki zama a kai. Taibatu ba ta gaskata ba, amma ta ja bakinta ta yi shiru, don tun ranar gatari yake rataye.

Ana gobe azumi Nusaiba ta iso. Bayan doguwar gaisuwa, Barau ya jawo kula ya buɗe a gabanta.

"Auta, ina tsarabata?"

Ta dubi kular, ta dubi agogon da ta sayo masa tsaraba.

"Baba, ai ba ta ɗaukuwa. Sanyi da nauyin ruwan teku ne ke riƙe da ita. Da an fito da ita sai ta narke, iskar ta gudu. Mu ma ɗan kaɗan muke haɗawa a ɗakin gwaji. Kafin ta kai murhu, wataƙila sai zamanin jikokinka."

Ya rufe kular a hankali.

Da safe ya sauko da gatari. Taibatu ta tare ƙofa.

"Malam, a ka za ka ɗauko itacen? Ka ba da jaki ka amso kula, unguwa duk ta ji ka ce ƙanƙara za ka saida. To ga azumi, ga zafi. Tafi ka saida."

"Wagga ta banza da ba ta ci da wuta?"

"Mai azumi wuta yake nema?"

Ya daɗe a tsaye yana huci. Daga baya ya miƙa mata gatarin, ya ce ta kama masa kular ya ɗora a ka.

Yanzu kullum yana bakin kasuwar Mafara, yana farfasa ƙanƙara da ƙaramar guduma. Ribar ba ta kai ta itace ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Tsofaffin abokansa kan tsaya su tsokane shi.

"Barau, ta fara ci?"

"Tukuna," yakan ce. "Auta na bisa aikin."

Gatarin kuwa Taibatu ta ba maƙeri, ya mayar mata da shi fartanya.