Jirgin da ke sauka kafin ya tashi

Jiya muna tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgin Concorde, inda aka ajiye shi kusa da filin jirgin Manchester, ni da 'yata Hanifa. Tun da ƙaramar hukuma ta rufe laburaren unguwarmu, duk hutu sai na nemo inda zan kai ta.

Baturen da ke zagayawa da mu ya ce awa uku da rabi jirgin nan yake yi daga Landan zuwa New York. Har da zolaya, wai saboda bambancin agogo, sai ka sauka kafin lokacin da ka tashi.

Hanifa ta ja mayafina. "Mama, to mu hau shi mana. Sai mu isa kafin Kawu Sani ya rasu."

Yayana ke nan. Bara ya yanke jiki ya faɗi a New York. Na hau jirgin farko da na samu, ina sama ina roƙon Allah ya sa su jira ni. Ina sauka aka ce tun bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ko fuskarsa ban gani ba.

Na ce, "Ya daina tashi, Hanifa. Tun ba a haife ki ba."

"To wa ya hana shi?"

Na juya kamar ina duba tayoyin jirgin, don kada ta ga idona.

Allah ya jiƙan Yaya. Ku da aka binne naku kuna hanya, don Allah me kuke ce wa yaranku?