Tani Mai Sabulun Maharba

Tani ta taso a Sifawa, a gidan masu haɗa turare. Da ta auri Mode, wani maharbi na Horo Birni, sai ta tare da kaskonta. Ta turara ɗaki, ta turara zannuwa, har rigar farautarsa ba ta bari ba.

Bayan girbi Mode ya fara shiga daji, kullum yana dawowa hannu rabbana. Gada takan ɗaga hanci tun daga nesa, ta zura da gudu. Ya yi ta shiru don kada amarya ta ji haushi, har ran da ya kasa.

"Tani, rigag ga ƙamshi takai. Tun ban iso ba naman daji ya san ina tahe."

"To maigida, wari kake son in bar ka da shi?"

"Ba wari, ba ƙamshi. In zan kamar ƙasa."

Abin ya ɓata mata rai, don ba a taɓa kushe turarenta ba. Amma da ta huce sai ta ce wanda ya iya sa ƙamshi ai ya iya cire shi. Ta tace ruwan toka ta dafa sabulu, ba ta ɗiga masa komai ba. Ta wanke rigar, ta shanya a kan sabara nesa da madafi, sannan ta rufe ta a sabuwar tukunya da busasshen ganye da ƙasar gona. Bindigar Mode ma ta shinshina, ta ce man gyaɗar da yake shafa mata ya yi ɗoyi. Ta karɓo man keken ɗinki wurin Zayyanu tela, ta ba Mode tare da tsumma mai tsabta.

Fitarsa ta gaba, da gada ya dawo a kafaɗa. Ya ajiye ta a ƙofar ɗakin Tani, ya ce ita ta harbe ta.

Labari ya bazu. Yanzu ranar kasuwar Shagari maharba har daga Bodinga suke zuwa neman sabulunta, ita kuma takan gargaɗe su kada su ajiye shi kusa da albasa. Idon Mode ya rage gani, ya koma noman rani. Shi ke ɗauko mata toka daga maƙwabta, yana tafe yana ba mutane labarin daji.